Allurar da Aka Hana Matar Labbo

Labbo bai taso da tunanin aikin asibiti ba. A ruga aka haife shi, arewa da Burkusuma, wurin da in saniya ta ɗan yi nisan kiwo sai ta sha ruwa a ƙasar Nijar. Ubansa ya bar masa jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, shi kuwa ya iya da su. Ba dogo ba ne, a ido kuma ba ka ce ƙaƙƙarfa ba, amma Allah ya ba shi damtse da sanyin murya. In za a yi wa bijimi lalas ko a ɗora masa karaya, Labbo ake aika wa. Sai ya dafa ƙaho da hannu ɗaya, ya kama hanci da ɗayan, yana yi wa dabbar magana ƙasa-ƙasa, kafin mutane su ankara bijimi yana kwance yana huci, bai ji ciwo ba, bai kuma ji wa kowa ba.

Farin shekarar 1973 ne ya raba shi da wannan rayuwa. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama. Ya kora garkensa ya yi kudu ta Shinkafi yana neman dajin Zamfara, shanu suna zubewa a hanya ɗaya bayan ɗaya. Da fari yakan tsaya ya feɗe ya ɗauki fata, daga baya fatar ma ta rasa mai saye, sai ya daina waiwaye. Da sanda kawai ya dawo. Matarsa Mairama ta tarbe shi da goyon 'yarsu Fatu, ta dubi bayansa ba ta ga ko maraƙi ba, ta miƙa masa ruwa. Suka ɗaure ƙore da tabarmi suka gangaro garin Isa, suka kafa bukka a bakin gari. Labbo ya samu garewani biyu ya shiga sayar da ruwa.

Asibitin gwamnati yana cikin wuraren da yake kai wa. Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo ƙasar, ɗakuna suka cika har aka kakkafa rumfunan zana a baya. Wata hantsi Labbo ya shigo da ruwa ya tarar ana kokawa da wani maƙeri daga Kamarawa, ƙato, zazzaɓi ya gusar masa da hankali. Mutum huɗu sun danne shi yana watsar da su. Malam Jibrilla, babban malamin asibitin, wanda yake riƙe wurin duk sa'ad da ba likita, yana tsaye da doguwar allura a hannu, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

"In bai tsaya wuri guda ba, ba ni taɓa bayanshi," in ji shi. "Allurar ga in ta kauce ba a gyara ta."

Labbo ya sauke garewani ya ce a sakar masa mutumin. Ya juya shi a gefe, ya sa hannu ɗaya a bayan wuyansa, ɗaya a bayan gwiwoyinsa, ya kai baki kusa da kunnensa yana faɗin abin da yakan faɗa wa shanu. A hankali ya riƙa jawo shi har gwiwa ta kusanci haɓa, gadon baya ya fito ya lanƙwashe kamar baka. Malam Jibrilla ya laluba ƙashin ƙugu, ya bi da yatsa zuwa tsakiyar baya, ya shafa maganin aidin, ya soka allurar tsakanin ƙashi da ƙashi. Ruwa ya fara ɗigowa cikin 'yar kwalba. Ya ɗaga ta wajen haske ya girgiza kai, sannan ya dubi Labbo.

"Kai mai ruwa, ina kak koyi wanga riƙo?"

"Ga shanu, Malam."

"Shanun suna ina?"

"Sun ƙare."

"To gobe ka zo da sahe. Ka bar garewanin gida."

Haka Labbo ya zama leburan asibiti. Shara, wanke tasoshi, ɗaukar gawa, duk yana yi, amma aikin da aka san shi da shi shi ne riƙon majinyaci in za a ɗebi ruwan baya. Malam Jibrilla ya yi masa bayani tun farko: akwai wani ruwa da ƙwaƙwalwa da laka suke zaune a ciki, in ciwo ya shiga kai, a cikin ruwan yake barin sawu. Kafin shekara ta zagayo Labbo ya iya karanta kwalbar da idonsa. In ruwan ya fito garau kamar na sama, ba sanƙarau ba ne, a nemi ciwon a wani wuri. In ya fito kamar ruwan da aka ɗauraye ƙwaryar nono da shi, to a hanzarta da allura mai kauri a ɗuwawu biyu, a sa wa mutum ido kwana uku. Akwai mai jini-jini, akwai mai rawaya, kowanne da abin da yake nufi. Sauran aikin na madubin ƙara girma ne, wannan kuwa sai masu ilmi.

Mutane ba su son allurar. Suna cewa ruwan rai ake zuƙewa, wanda aka yi wa ko ya tashi ba ya ƙara zama mutum. Sau da yawa da an ambace ta sai dangi su naɗe majinyacinsu a tabarma su gudu da shi. Labbo ne ake turawa ya tare su a ƙofa, da Hausa ko da Fillanci, gwargwadon wanda ya samu.

"Baba, ruwan ga da za a ɗiba bai cika cokali ba," haka yakan ce. "Ciwo ba shi magana. Ruwan shi ka hwaɗin sunanshi. In ba a san sunan ɓarawo ba, wa za a kama?"

Wasu su dawo, wasu su wuce. Waɗanda suka dawo ma ba duka suke tashi ba, kuma cikin masu tashin akwai wanda ciwon ya tafi masa da ji, akwai wanda ya bar shi da jan ƙafa. Duk wannan a kan allura ake ɗorawa, allura kuwa a kan mai riƙo. 'Yan gari suka laƙaba masa Tanƙwarau. Wata mata daga Alkalawa, wadda ɗanta ya warke amma ya kurumce, ta taɓa tare shi a kasuwa ta tofar da yawu a gaban ƙafarsa. Ya kauce ya wuce. Ba ta dame shi ba, don shi ya ga kwalbar yaron da idonsa, ya san abin da aka ciro shi daga ciki. Abin da ya fi yi masa ciwo maganar yayan matarsa ce, Yero, wanda ya sake tara 'yan shanu a Burkusuma. Yero ya ce a gaban mutane, ɗan Fulani da sanda yau shi ke rungumar matan mutane yana ɗaukar tasar fitsari. Labbo ya ji, ya haɗiye. Mairama ce ta aika wa yayan nata cewa tasar fitsarin ita ke ciyar da 'yar ƙanwarsa.

Shekara goma suka yi a haka. Bukka ta zama ɗaki biyu na laka. Mairama tana sayen nono wurin dangi tana dama fura tana kai wa bakin asibiti. Sun haifi biyu bayan Fatu, duka suka koma tun suna jarirai. Mace ce marar yawan magana, mai tsabtar ƙwarya, ba ta fita sai kitsonta a gyare.

Sai fari ya dawo a 1984, wannan karon har ya fi na farko kai wa manoma. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Mutane suka riƙa kwararowa daga arewa ta Burkusuma da Sabon Birni, da jakuna da tsofaffi, suna sauka duk inda suka ga inuwa. Aka koma cin anza da kwaki da dusa. Yero ma ya rasa garkensa, ya iso Isa da matarsa da 'ya'ya biyar, ya tsaya a ƙofar gidan Tanƙwarau ya yi sallama. Labbo ya fito ya karɓi kayansa, ya ce, "Hamma, sannu da hanya," ya ba su ɗaki ɗaya. Tukunyar mutum uku ta koma ta mutum goma.

Cikin wannan hali Mairama ta fara ciwon kai. Da asuba yake tashinta, ta dafe goshi, wani lokaci ta yi amai, in rana ta ɗaga ya lafa. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Shekarar kowa yana jin jiri, kowa yana ganin duhu in ya miƙe da sauri. Labbo ya san tana rage rabonta tana tura wa yara, ya yi mata faɗa, ta ce ta ji. Ya kawo mata ƙwayoyin ciwon kai. Da ƙwarya ta suɓuce daga hannunta na hagu ta fashe, suka ce yunwa ce. Da ta fara jan ƙafar hagu har takalminta yana barin zane a ƙasa, nan ma suka ce yunwa ce. Wata huɗu aka yi ana ɗora wa yunwa laifin da ba nata ba, a gidan mutumin da ya kwana ya wuni cikin masu ciwon kai.

Wata ranar Laraba tana tsinkar zogale a tsakar gida, hannunta na hagu ya kama rawa shi kaɗai. Ta dube shi kamar na wani. Rawar ta hau kafaɗa, ta kama fuska, ta yanke jiki ta faɗi tana shure-shure. Fatu ta ruga asibiti. Labbo ya zo ya saɓa ta a kafaɗa, bai jira jaki ba.

Likitan da yake wurin a lokacin saurayi ne, Likita Amiru, bai daɗe da gama karatu ba, amma ba ya gaggawa. Da Mairama ta farfaɗo ya sa ma'aunin zafi, ba zazzaɓi. Ya tallafi ƙeyarta ya sunkuyar da kan, wuya ya bi lafiya lau. Ya ce ta miƙa hannuwa biyu ta rufe ido, na hagu ya riƙa saukowa a hankali ba ta sani ba. Ya ƙwanƙwasa gwiwoyinta da 'yar gudumar roba, ta dama ta motsa kaɗan, ta hagu ta yi harbi. Ya ja makulli a tafin ƙafarta ta hagu, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya naɗe. Labbo yana tsaye yana kallo, ya riga ya jawo tire, ya jera allura da aidin da auduga da kwalba, ba tare da an ce masa ba.

Likita ya sa aka rufe tagogi. Ya ɗauko 'yar tocilar duba ido, ya kai fuskarsa dab da tata, ya leƙa idon dama, ya daɗe, ya koma na hagu, ya sake komawa na dama. Da ya miƙe sai ya ture tiren gefe.

"Baba Labbo, mu hita waje."

A baranda ya ce masa jijiyar da take shiga ido daga ƙwaƙwalwa ta kumbura a duka idanun biyu. Wani abu yana cikin kan yana matsa komai, ya kuma daɗe yana matsawa.

"To a ɗebi ruwan mu gani, Likita. Ni za ni riƙe ta."

"Ba ni ɗiba."

"Ba ta motsi. Na yi maka alkawari."

"Ba motsi nika tsoro ba. Kan nata cike yake tam. In na buɗe ƙofa daga ƙasa, abin da ke sama zai zurmo shi toshe wurin da numhwashi ka hitowa. Kana riƙe da ita za ta cika."

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma Labbo roƙonta ya yi. Shekara goma yana gaya wa mutane ruwan baya shi ke faɗin sunan ciwo, yau an zo kan tasa an ce ba za a tambaya ba. Likita ya ce zai rubuta musu takarda zuwa Zariya, wurin malaminsa, can akwai gwajin da ba sai an huda ba. Labbo ya karɓi maganar da kunne, zuciyarsa ba ta karɓa ba.

Bayan la'asar ya samu Malam Jibrilla a ƙarƙashin dalbejiyar da yake alwala. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya tsuguna ya rage murya.

"Malam, kai ka yi ma mutum dubu allurar ga. Yaron ga jiya yaz zo. Gobe za shi Sabon Birni duba marasa lahiya, mu yi abinmu ni da kai, ba mai ji."

Malam Jibrilla ya ajiye butarsa.

"Labbo, ni ma na leƙa idon. Abin da yag gani na gani."

"Da can kakan yi ma mutane ba ka leƙa ba."

"Na yi, lokacin da ba mu da tocilar. Kuma akwai waɗanda sunka mutu hannunka da hannuna, munka ce ciwo na. Allah kaɗai ya san ko ciwon na. Ba ni ƙara wagga cikinsu."

Labbo ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Tun daga ranar yana gaishe da Malam Jibrilla, yana yin abin da ya sa shi, amma bai sake zama a tabarmarsa ba.

Suka bar Fatu wurin matar Yero. Motar asibiti da za ta ɗauko magani ta rage musu hanya zuwa Ƙauran Namoda, daga nan suka shiga jirgin ƙasa. Mairama ba ta taɓa shiga ba. Ta jingina da taga tana kallon gonaki tsirara da ƙasusuwan dabbobi a gefen dogo, ta ce masa komai biyu-biyu take gani, itace biyu, mutum biyu, shi ma biyu. Ya ce to ta zaɓi wanda ta fi so ta yi magana da shi. Ta yi murmushi da rabin baki, don ɗaya rabin ya fara nauyi.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a Zariya. Aka ba ta gado, shi yana kwana a baranda tare da sauran masu jinya. A nan ba wanda ya san Tanƙwarau, baƙauye ne kawai mai takarda a hannu, ana nuna masa ƙofa da baki. Aka ɗauki hoton ƙoƙon kanta ta gaba da ta gefe. Aka zaunar da ita gaban wani baƙin allo ana matso da farin ɗigo daga gefe, ta ce in ta gani. Duk abin da ya zo ta hagu sai ya iso tsakiya take ganinsa. Aka ɗebi jini sau uku.

Rana ta takwas aka ce za a yi gwajin ƙwaƙwalwa, sai an tsefe kai. Wannan ne kaɗai wurin da Mairama ta yi gardama. Kitso ne na gida, matar Yero ta yi mata shi kafin su taso, da 'yan azurfar uwarta a jikin kalaba. Ta ce ba ta zama gaban maza da kai a tsefe. Wata nas mai shekaru ta kore mazan, ta bar Labbo kaɗai. Hannun Mairama na hagu ba ya iya riƙe tsinke, sai shi ya zauna a bayanta yana warware kitson ɗaya bayan ɗaya, yana tara azurfar a aljihu. Bai taɓa tsefe kan mace ba. Ya ga furfurar da bai san tana da ita ba.

Nas ta riƙa tsaga gashin tana shafa wani abu mai danƙo tana manna wayoyi, har kan ya cika. Wayoyin suka tafi cikin wata na'ura mai girman akwatin amarya biyu. Aka ce ta rufe ido ta kwanta shiru. Takarda doguwa ta fara fita, alƙaluma takwas suna rawa a kanta suna ƙaraf-ƙaraf. Labbo ya matsa ya leƙa. Bai iya karatu ba, amma ya iya sawu. Layukan sama suna tafiya ƙanana-ƙanana a jere, na ƙasa kuwa suna tashi suna faɗuwa da faɗi, a kasalance, kamar tafiyar saniyar da ta kusa kwanciya. Bai tambayi kowa ba. Ya koma ya zauna ya kama ƙafarta.

Malamin Likita Amiru dattijo ne mai tabarau, Hausarsa ba ta nuna sosai ba, amma ana gane shi. Ya manna hoton a jikin fitila, ya baje takardar a tebur, ya kira su su biyu. Ya ce ƙari ne, a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, babba, kuma bisa ga alama ya yi zurfi. Girmansa daidai da iyakarsa ba zai iya faɗa ba. Akwai na'urar da take ganin cikin kai kamar an yanka kabewa, ya gan ta a ƙasar waje, amma ba shi da ita. Yana iya rubuta musu takarda zuwa Ibadan, wurin masu buɗe kai, sai dai jira zai yi tsawo, kuma ba zai yi musu alkawarin za ta sauko daga teburin da rai ba.

Labbo ya ce, "Ranka shi daɗe, da an ɗebi ruwan baya tun can gida hwa?"

Dattijon ya cire tabarau.

"Wanda ya hana, ya yi daidai. Da ba ta zo nan ba."

"To duk gwajin ga, mi munka samu?"

"Mun san abin da yake. Mun san abin da ba za mu yi mata ba." Ya mai da tabaransa. "Ba ni da fiye da haka."

Labbo ya juya zai fassara mata, kamar yadda ya saba yi wa mutane. Mairama ta ɗaga hannun dama ta tsayar da shi. Ta ji komai. Da Fillanci ta yi magana, don kada likitan ya ji kunya. Ta ce an tsefe mata kai ta yarda, ba za a fasa mata shi ba. A mai da ita inda Fatu take.

Aka ba su wasu ƙananan ƙwayoyi masu rage kumburi, da na hana faɗuwa. Suka yi aiki kamar abin mamaki. Mako uku Mairama tana tashi ba ciwon kai, tana cin abinci, har ta zauna ta koya wa Fatu yadda ake yaɗa man shanu a kitso, da hannu ɗaya tana nunawa. Maƙwabta suka riƙa shigowa barka, suna cewa Zariya ta yi rana. Labbo yana amsawa da amin kawai, don likitan ya riga ya gaya masa ƙwayoyin aron lokaci ne. A mako na huɗu ta tambayi wanda ya rufe ƙofa da rana tsaka, ƙofa kuwa a buɗe take. Daga nan gani ya tafi. Barci ya yi yawa, magana ta ragu. Shi yake juya ta, shi yake wanke ta, yana ɗura mata kunu da cokali. Wata safiya ta tambaye shi ko hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya leƙa, sama fayau. Ya ce mata ya fara. Ta rasu da hantsin ranar Lahadi, saura kwana tara ruwan farko ya sauka.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse, Yero ya tsaya a kansa. Shi ne mutumin da ya fi kowa zagin allurar baya, amma baƙin ciki ya juya masa magana.

"Kai da kat tanƙwara rabin Gobir, taka guda anka hana? Don kai lebura na. Da matar alƙali ta, da an yi mata."

"Hamma, likita biyu sun ce kashe ta za ta yi."

"To yanzu da ba a yi ba, ta rayu?"

Da ruwa ya sauka Yero ya kwashe iyalinsa ya koma arewa, bai yi sallama ba. Daga baya aka ji ya ƙetare iyaka. Ba su sake ganin juna ba.

Bayan kwana bakwai Labbo ya koma aiki. Riƙonsa bai canza ba, sai dai ya daina tare mutane a ƙofa. In aka ce ya je ya shawo kan dangin wani, sai ya ce a aiki mai baki. Kuma duk wanda za a ɗebi ruwan bayansa, kafin ya sa hannu sai ya tambaya, "An duba idonshi?" Sababbin likitoci wasu su yi dariya, wasu su ji haushi lebura yana yi musu tambaya, shi dai ba ya tanƙwara kowa sai an kawo tocila. Ya yi shekara shida a haka, sannan ƙugu ya hana shi sunkuyo, aka sallame shi.

Bai sake aure ba. Fatu ta yi aure a Kamarawa, ta ɗauke shi, mijinta ya gina masa ɗaki a bakin zaure. Yana kiwon 'yan awaki uku huɗu, yana tuƙar igiya. Fatu ta ce bai taɓa yanke wa kansa hukunci a kan maganar uwarta ba. Wata rana ya ce likitocin sun yi gaskiya, Allah ya saka musu. Wata rana kuma yana cikin tuƙa sai ya tsaya ya ce, wata huɗun nan ne, wata huɗun da aka ce yunwa ce. In ta ce masa likitan Zariya bai ce da an zo da wuri da ta tashi ba, sai ya ce ai bai ce da ba ta tashi ba.

Tari ne ya yi ajalinsa, cikin daminar 1998. Aka yi masa sutura da safe aka kai shi. Azahar ta gota sai ga Malam Jibrilla a bayan babur, ya tsufa ƙwarai, jikansa ya ɗauko shi daga Isa. Ya yi wa Fatu gaisuwa daga bakin zaure, ya ce sau da yawa ya so su zauna da ubanta su yi wata magana, Labbo bai ba shi fuska ba. Ya nemi a nuna masa kabarin. Mijin Fatu ya riƙe masa hannu suka ratsa cikin gero har maƙabarta. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Aka ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce a'a, gulbi yana kawo ruwa, gara su ƙetare tun da rana.